Ni Na Riƙe Masa Tsani

Assalamu alaikum 'yan uwa masu bibiyar wannan shafi. Na ga saƙonninku, har da na baiwar Allahn da ta rubuto wai taurin kai ne ya sa na kai shekara ashirin da bakwai ina gaban uwata. Na gode, Allah ya bar ki a ɗakinki. Ga waɗanda yau suka fara cin karo da ni, sunana Halima Sadiya, a gida Sadiya ake ce min. Malamar makaranta ce ni, a Kabara aka haife ni cikin birnin Kano. Yau labarin solar gidanmu zan ba ku, kuma don Allah kada wadda ta ce min in yi haƙuri, na ji kalmar nan har ta fita daga raina.

Gidanmu tsohon gida ne na gado. Bayan rasuwar Abbanmu aka ja katanga a tsakiya, ɓangare ɗaya ni da Umma, ɗayan Baffa Garba, ƙanin Abba, da iyalinsa. Zaure ɗaya muke shiga. Baffa ne waliyyina, kuma shi yake aiko mana da awo duk ƙarshen wata. Ba zan ce ba ya bayarwa ba, yana bayarwa, amma sai Umma ta aika sau biyu, kuma sai duk lungu ya ji cewa shi yake riƙe da iyalin ɗan'uwansa. Yana da 'ya, Zaituna, wadda na girma da shekara bakwai. Ni na goya ta, ni na koya mata ɗaurin ɗankwali.

Wuta kuwa a layinmu sai dai labari. In an kawo ta da hantsi, kafin ki jona dutsen guga an ɗauke. Umma tana sana'ar zoɓo da kunun aya, da ɗan ƙaramin inji take lallaɓa tsohon firjinta. Da aka cire tallafin mai, sai ya zama injin ne yake cin ribar, ya bar mata wankin robobi. Ta koma sayen ƙanƙara a Shahuci, kafin a iso da ita gida rabi ya zama ruwa. Lokacin zafi kunun aya kan yi tsami kafin la'asar, mu juye a kwata, Umma ta zauna a bakin ƙofa ta yi tagumi.

A haka Nazeer ya shigo rayuwata. Ya zo haɗa sola a makarantar da nake koyarwa, ya nemi lambata kamar abin arziki. Ɗan Ƙofar Dawanau ne, yana da shagon kayan sola, dogo, wankan tarwaɗa, shaddarsa kullum kamar yanzu aka karɓo daga wajen masu bugu. In ya bar zaure sai a jima ana jin turarensa. Na so shi. Ba zan ɓoye ba don a ce ina da aji, na so shi sosai, har ina buɗe saƙonninsa ina maimaitawa a cikin aji yara suna rubutu. Abu ɗaya ne da shi, komai sai ya yi masa lissafi. In ya kawo min tsire sai na ji yadda nama ya tashi a kasuwa. Lokacin dariya abin yake ba ni, ina cewa ɗan kasuwa ne.

Bayan an kawo kuɗin gaisuwa, ya shigo gaida Umma wata rana ana tsala zafi. Ya same ta tana fifita da mafici, ga robobin kunun aya a jere sun kumbura.

"Umma, man nawa kike sha a sati?"

Ta faɗa masa tana jin kunya. Ya ɗan danna waya, ya girgiza kai.

"Kin ga a shekara kina ƙona kuɗin fanel ɗin sola huɗu a hayaƙi, ban da gyaran inji, ban da abin da kike zubarwa. Ita sola sau ɗaya ake kashe mata kuɗi. Shekara biyu ta mayar da abinta, sauran duk riba ce, kuma ba mai kawo miki bil a ƙarshen wata."

"Yo Nazeer, mai kuɗin sola ai ba ya ƙulla zoɓo."

"Ni zan sa, Umma."

Umma ta ajiye mafici. "A'a, ɗan nan. Ba a ɗaura ba, ba a ko sa rana ba, a ɗora mana kaya a ka? In wani abu ya gifta fa?"

"Ba abin da zai gifta. Ɗa ne ya yi wa uwarsa."

Ina bayan labule ina jin su, zuciyata kamar ta fito don daɗi. Fanel huɗu ya ce, da inbata mai sarrafa wutar, da babban batir irin wanda ba a zuba masa ruwa. Kayan sun haura miliyan biyu, shi ya faɗa da bakinsa, ya kuma maimaita don kada ya wuce mu.

Wanda bai tashi a cikin birni ba sai na yi masa bayani a nan. Gidajenmu a manne suke da juna, wanda ya hau rufin gida ɗaya yana kallon tsakar gida uku. Don haka ba a hawa sai an aika wa maƙwabta an ce za a hau sama, mata su kintsa, mai wanka ta gama, mai ɗaurin ƙirji ta shige ɗaki. Ranar da za a haɗa, ni da kaina na bi gida-gida na faɗa. Ɓangaren Baffa na fara shiga, don rufin ɗakin Umma daidai tsakar gidansu yake kallo. Na tarar da Zaituna tana tsefe kai, na ce ta tashi ta shige.

"Yaya Sadiya, angon namu ne zai hau? Bari in leƙa in ga ko ya dace da ke."

Na kai mata duka da wasa, muka yi dariya, na wuce gida na gaba.

Jama'a, sola daɗi. Ranar farko Umma ta kunna fanka ta zauna a gabanta tana ta sa wa Nazeer albarka har muryarta ta dishe. Cikin sati ta sayar da injin, ta ce ba ta son ko ganinsa. Ta ciro awarwaronta na zinare da Abba ya sayo mata a Makka, abu ɗaya da ya rage mata nasa, ta sayar ta sayo ƙatuwar firiza. Mu da muke sayen ƙanƙara muka koma sayarwa. Masu shago suna aiko da kula tun safe, matan lungu suna kawo cajin waya, soket ɗinmu ya cika kamar na tasha. Kuɗin man da ake ƙonawa ya koma adashi. Da wata ya ƙare Umma ta aika wa Baffa cewa ya bar awon, Allah ya rufa asiri. Ranar na ga ta sa kwalli, rabona da ganin haka tun kafin takaba.

Saƙon ya iske Baffa. Ya dai tsaya a zaure ya kalli ƙwan fitilar da aka ja masa da fankar da aka kafa, ya ce, "Abu ya yi kyau," ya shige.

Sai Nazeer ya ce fanel ba ya son ƙura, wai in ya yi datti kusan kwata na wutarsa yake tafiya, don haka zai dinga zuwa yana wankewa. Ya bar tsaninsa na ƙarfe a gidanmu. Duk bayan kwana biyu-uku sai ga shi da la'asar, ya naɗe hannun riga, ya ɗauki bokiti da tsumma. Ni kuma in ci kwalliya in fito in riƙe masa tsani. Farko ina aikawa maƙwabta, daga baya ya ce, "Haba, minti nawa ne? Kada ki dinga tayar da mutane a banza, ni kaina a ƙasa yake." Na yarda. Har alfahari nake wa ƙawayena, ina cewa ku nuna min saurayin da yake hawa rufin surukarsa da shadda.

Damina ta sauka. Ruwa yana wanke fanel tas, har sheƙi suke yi, amma Nazeer bai fasa zuwa ba. Minti biyar ɗinsa ya zama rabin awa, ina ƙasa hannuna yana sagewa. Zaituna kuma da sai an yi da gaske take ɗauraye kofi, ta zama mai son wanke-wanke da la'asar, da jan baki da sabuwar atamfa. Maganar sa rana da na ɗauko sai ya ce kasuwa ta tsaya, dala ta tashi. Ku ce min wawiya, na yarda, wallahi ban haɗa waɗannan abubuwa wuri guda ba.

Ranar da abin ya fashe na sa doguwar riga ta atamfa mai ruwan ganye, na yi ɗaurin ture-ka-ga-tsiya, na fesa turaren da ya saya min. Ya ajiye babbar wayarsa a kan tagar Umma saboda bokiti, ya hau. Ina riƙe da tsani wayar ta yi haske daidai fuskata. Sunan da ya fito, Kwastoma Kabara.

"Na fito, ina bakin rariya. Yau ka daɗe ba ka leƙo ba."

Kafin in gama haɗiye wannan, wani ya shigo.

"Ita tana ƙasa?"

Hoton da ke jikin lambar hannu ne da jan lalle. Na san zanen, don ni na zana wa Zaituna shi da sallah. Daga sama na ji Nazeer ya yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa, daga bayan katanga na ji an amsa.

Ban taɓa jin kunya da baƙin ciki sun haɗu min lokaci guda kamar ranar ba.  Da ya sako ƙafa zai sauko, wallahi ya zo min a rai in saki tsanin in koma gefe. Ban saki ba. Na riƙe masa gam har ya dira, kuma har yau ina jin haushin hannuwana.

"Wace ce Kwastoma Kabara?"

Ya kalli wayar, ya kalle ni. Ko musu bai yi ba. Ya ɗauki tsumma yana goge yatsunsa ɗaya bayan ɗaya.

"Sadiya, ke babba ce, mu yi maganar manya. Ban shirya hakan ba, amma gara yanzu da bayan an ɗaura."

"Ƙanwata ce, Nazeer."

"Shi ya sa ma abin zai zo da sauƙi. Gida ɗaya ne, ba a fita waje ba."

Ya sa takalminsa, ya leƙa ya duba lambobin da ke jikin inbata kamar yadda ya saba, ya ce batir ya cika, ya fita.

Na faɗa ɗakin Umma ina kuka. Tana zaune a gaban baho tana ƙulla zoɓo a leda. Na faɗa mata komai, hannunta bai tsaya ba. 

"Umma, kin sani?"

"Matar Baffanki ta shigo min da maganar tun farkon damina."

"Kuma kika bar ni ina cin kwalliya ina riƙe masa tsani?"

Sai a lokacin ta ɗago. "Me kike so in yi? In kore shi ya kwashe kayansa? Inji na sayar, awarwaro na sayar, na aika wa Garba ya riƙe awonsa. Da wace fuskar zan koma? Na ce ko zai gaji ya dawo hanya."

Na tashi na shige ɗakina. Fanka tana juyawa a kaina, na kashe ta na zauna cikin zufa, don ko iskarta ba na so.

Washegari da hantsi saƙonsa ya shigo. "Ki ɗaga waya, maganar ba ta rubutu ba ce." Mutumin da ko gaisuwa a rubuce yake yi. Na ɗaga.

Ya ce Baffa ya yarda zai ba shi Zaituna, amma yana jin bakin mutane. Ba zai yiwu a ce ya ba da 'yarsa ga wanda ya yar da 'yar marigayi ɗan'uwansa ba, Kabara ba za ta bar shi ya shiga masallaci ba. Amma in ni ce na fito gaban manya na ce na fasa don kaina, shi ke nan, kowa ya fita kunya, sai a ce an yi masa huce haushi da ƙanwa.

"In kin yi haka, sola ta Umma ce har abada. Na yafe, duniya da lahira."

"In na ƙi fa?"

"Kayan shago ne, Sadiya, rasit yana hannuna. Ba turare ba ne da za a ce an fesa ya ƙare. Kina kusa da Umma?"

Ina tsakar gida a tsaye. Sai na ji ƙugin firiza ya ɗauke, fankar ɗakin Umma ta yi ta juyi a hankali har ta tsaya. Ashe tun ranar haɗawa ya jona inbatar da wayarsa. Umma ta fito da gudu ba ɗankwali tana salati, tana taɓa wayoyi. Ya bar ta ta yi ta yi, sannan komai ya dawo.

"Kin gani ko? Ki yi shawara," ya ce, ya kashe.

A al'adarmu, in namiji ne ya fasa ba ya tambayar komai, abin da ya kashe ya tafi, kunya ma ba za ta bar shi ya buɗe baki ba. In mace ce ta fasa, sai a tattara masa kayansa a mayar. Na san wannan sarai, kuma na faɗa wa Umma.

"Umma, shi ya fasa fa. Ko ƙusa ba shi da bakin tambaya. Mu kai maganar gaban manya yadda take."

"Waɗanne manya? Wa zai tsaya mana, Garba? Shi ne waliyyinki, shi ne kuma uban yarinyar." Ta kamo hannuna, abin da ba ta saba ba. "Sadiya, kalma ɗaya ce. Mijin dai ya riga ya tafi, kada mu yi asara biyu. Yaron nan ya ce ya yafe, ya ambaci lahira. Ki rufa min asiri, ni na haife ki."

Tana kuka. Ban taɓa iya kallon Umma tana kuka ba, ko a ranar rasuwar Abba fita na yi. Na ji haushinta har cikin raina, na kuma ji tausayinta, kuma tausayin ne ya yi nasara. Na ce to.

Ranar Asabar bayan la'asar aka shimfiɗa darduma a zaure. Baffa yana nan da babbar riga, ga Alhaji Hambali, baffan Nazeer wanda ya kawo kuɗin gaisuwata, ga limamin lungunmu da aka kira shaida. Nazeer yana gefe kansa a ƙasa kamar mutumin kirki. Umma ta aika musu da zoɓo mai ƙanƙara a jug ɗinta na baƙi, fankar solarmu tana kaɗa musu riguna. Na sa hijabi ruwan toka, ko hoda ban shafa ba, na durƙusa a bakin ƙofa. Ina jin numfashin Umma a bayan ƙyaure.

Baffa ya yi gyaran murya. "Sadiya, uwarki ta ce kina da magana."

"Na fasa auren, Baffa."

"Innalillahi! Yaran yanzu. Mutum ya yi muku hidima irin wannan, ki dube shi ki ce kin fasa? Kin ba ni kunya." Har da girgiza kai. Da ana ba da kyautar iya wasan kwaikwayo a Kabara, da ranar Baffa ya ɗauka.

Liman ya dube ni da kyau. Dattijo ne, abokin Abba. "Halima, laifi ya yi miki?"

"Bai yi ba, Malam."

"Akwai wanda ya matsa miki? Ki faɗi tsakaninki da Allah, nan wurin faɗa ne."

Ƙofa ce ya buɗe min, na gan ta a buɗe. Na ji ƙyauren bayana ya ɗan motsa.

"Babu, Malam. Ni ce na ji ba na so."

Liman ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri. Aka shafa. Na yunƙura zan tashi, sai Alhaji Hambali ya ajiye kofinsa.

"To, alhamdulillahi. Tunda abin daga ɓangarenku ya fito, sai a bi yadda aka saba. Kuɗin gaisuwa mun yafe. Waya da atamfofi da sauran tarkacen toshi, duk ta riƙe, mu ba ƙananan mutane ba ne. Amma kayan wutar nan dukiya ce, jarin yaro ne. Gobe masu aiki za su zo su sauke."

Na ɗauka kunnena ne. Na juya na kalli Nazeer, yana gyara karin hularsa a kan gwiwa.

"Nazeer, ba haka muka yi ba."

"Ke!" Baffa ya daka min tsawa. "A gaban manya?"

Liman ya ɗaga hannu. "Akwai wata magana ne a tsakaninku? Halima, yanzu kika ce babu wanda ya matsa miki."

Nazeer ya ɗago a ladabce. "Ni ban san wata magana ba, Malam. Ni yaro ne, abin da manya suka yanke shi ne."

Me zan ce? In ce na yi ƙarya bayan an haɗa ni da Allah, a gaban limami, da bakina? Wa zai yarda da maganar da aka yi a waya, daga yarinyar da ta gama cewa ita ta fasa? Al'adar da take bayanmu jiya, mu da kanmu muka juya ta muka miƙa musu.

"Wannan gaskiya ne, Alhaji, haƙƙinku ne," in ji Baffa, da saurinsa. "Kuma ba sai an sha wahalar kai su Ƙofar Dawanau ba, kada gilashi ya fashe a hanya. A tsallaka da su ɓangarena a ɗora, amana, kafin a ga abin da Allah zai yi. Kwanona ma sabo ne."

Sai a lokacin na gane abin da ya sa Baffa ya canja rufin ɗakinsa ana tsakiyar ruwa. Liman ya kalli Baffa, ya kalli ƙasa, ya nemi takalminsa ya fita ko sallama bai yi ba.

Na shigo gida ban san da wace ƙafa ba. Umma ba ta bayan ƙyaure. Tana gaban firiza, ta buɗe murfin tana kallon ƙanƙarar da ta ƙulla ta kwastomomin gobe. Na tsaya ina jiran ta rungume ni, ko ta ce min sannu, ko ta zagi Nazeer, ko me dai. Ina so in ji cewa abin da na zubar a zaure ya kai a ce min sannu.

Ba ta juyo ba.

"Je ki wajen Zaituna."

"Na'am?"

"Yanzu ita yake ji. Ki roƙe ta ta sa baki, ko waya ɗaya su jefo mana ta katanga, ta firiza kawai. Fanka da ƙwai mun haƙura. In biya ne ma zan dinga biya duk wata."

"Umma, ni? Wajen Zaituna?"

"To wa zan aika? Ni in je?" Ta rufe murfin a hankali. "Da kin iya riƙe shi ai da duk ba a zo nan ba. Ki je tun kafin su yi shawarar inda za su ja wayoyinsu."

Maganar nan ta fi duk abin da aka yi min a zaure ciwo. Ban yi kuka ba, kukan ma ya ƙi zuwa. Na gyara hijabina, na bi ta zaure na wuce kofunan zoɓo da suka bari, na yi sallama a ɓangaren Baffa.

Zaituna tana zaune a kan kujera 'yar tsugune a tsakar gida, ƙafafunta cikin leda an ƙunsa mata lalle, sabuwar waya a cinyarta. Uwarta tana bakin murhu, ta amsa sallamar ba ta ɗago ba.

"Lah, Yaya Sadiya, shigo mana," in ji Zaituna, tana murmushi har da haƙora. "Yanzu nake cewa Mama, in cajin waya ne ki dinga kawowa, wallahi ba komai. Ki yi haƙuri ba zan iya tashi ba, lallen bai kama ba."

Na kalli yarinyar da na goya a bayana har zanina yana jiƙewa. Ta bayan katanga ina jin ƙugin firizar Umma. Babu tabarma, babu wanda ya miƙo min kujera. Na tattara hijabina na durƙusa a gabanta a kan siminti.

"Zaituna," na ce, "alfarma na zo nema."

Ta ɗauki wayarta ta danna, ta kara a kunne tana kallona.

"Tsaya, Yaya, bari in kira shi ya ji da kunnensa."